Yadda Ake Mayar da Lamba Mai Maimaituwa Kaso, da Abin da Ya Sa 0.999… Ɗaya Ce Cif

Ɗauki kalkuleta ka raba 1 gida 3. Za ta nuna maka 0.33333333, ta tsaya inda allonta ya cika. Ka ninka wannan sau 3 da hannunka, za ka samu 0.99999999, ba 1 ba. A nan gardamar take farawa: 0.333… sulusi ne da gaske, ko dai kama da wane ce? Amsa ita ce sulusi ne daidai wa daida, ba ragi ba ƙari, muddin ɗige-ɗigen nan uku na ƙarshe suna nufin ukun ba su da iyaka. Abin da kalkuleta ta nuna kuwa, mai 3 guda takwas, ba sulusi ba ne. Wannan 33333333 ne bisa 100000000, kuma ya gaza sulusi da ɗan ƙiris.

Kafin a shiga aiki, sai a daidaita suna. Kaso shi ne lamba bisa lamba, kamar 3/11, da lambar sama da lambar ƙasa. Alƙaluma su ne 0 zuwa 9 da ake rubuta lamba da su. Alƙaluman da suke ta dawowa bayan ɗigo za mu kira su amshi, domin halinsu ɗaya da amshin waƙa: ana gamawa sai a koma kai. Waɗanda suka zo bayan ɗigo kafin amshi ya kama, sau ɗaya tak, su ne shimfiɗa. A 0.58333…, shimfiɗa 58 ce, amshi 3. Littattafan Ingila kan ɗora ɗigo a kan amshin, na Amurka su ja layi a samansa, wasu ƙasashen Turai kuma su sa shi cikin baka, 0.58(3). Duk magana ɗaya ce.

Me ya sa ake samun maimaici tun farko

Raba 1 gida 7 da hannu, ka sa ido a kan saura, ba a kan amsa ba. 10 gida 7 ya ba da 1, saura 3. Sauko da sifiri, 30 gida 7 ya ba da 4, saura 2. Sai 20 ya ba da 2, saura 6. 60 ya ba da 8, saura 4. 40 ya ba da 5, saura 5. 50 ya ba da 7, saura 1. To ga 1 ɗin da aka fara da shi ya dawo. Daga nan duk abin da ya faru zai sake faruwa a jere: 0.142857142857…

Dalilin a fili yake. In ana rabawa gida 7, saura ba ya kai 7, don haka ba shi da wurin zuwa sai 0, 1, 2, 3, 4, 5 ko 6. Ya faɗa kan 0, rabo ya ƙare. Bai faɗa ba, wurare shida kawai suka rage masa, kuma dole ya taka inda ya taɓa takawa kafin ya wuce taki na bakwai. Haka abin yake ga kowace lambar ƙasa. Saboda haka kowane kaso, ko dai ya ƙare ko ya maimaitu, babu hanya ta uku, kuma tsawon amshi ba ya taɓa kai lambar ƙasa.

Ana iya sanin wanda zai ƙare ba tare da an yi rabon ba. Fara rage kason har ya kai inda ba ya raguwa, sannan ka farfasa lambar ƙasa. In babu komai a cikinta sai 2 da 5, zai ƙare, domin 10 ita ce 2 sau 5. Shi ya sa 3/8 ya tsaya a 0.375, 7/40 ya tsaya a 0.175. Da zarar 3, ko 7, ko 11, ko wata irinsu ta shiga, sai maimaici. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne mantawa da ragewa. Mutum ya ga 21/30, ya ga 3 a cikin 30, ya yanke cewa zai maimaitu, alhali 21/30 shi ne 7/10, wato 0.7.

Dabarar ninkawa da ɗebewa

Ga 0.272727… Sa mata suna x. Ƙirga alƙaluman amshi: guda biyu, 2 da 7. To ninka da 1 mai sifiri biyu, wato 100.

100x = 27.272727…
x = 0.272727…

Wutsiyoyin biyu iri ɗaya ne, ɗebe ta ƙasa daga ta sama sai su cinye juna. Abin da ya rage: 99x = 27, wato x = 27/99. Raba sama da ƙasa gida 9, ka samu 3/11. Kada ka tashi sai ka gwada: raba 3 gida 11, ka ga ko 0.2727… ta fito.

Da a ce da 10 ka ninka, da 10x ta zama 2.727272…, wutsiyarta ta fara da 7 alhali ta x ta fara da 2. Ka ɗebe, ka samu 9x = 2.454545…, wanda ba ƙarya ba ne, amma ba ka je ko'ina ba, wani maimaicin ka sake haifarwa. Yawan sifirin dole ya yi daidai da tsawon amshi.

Wanda ya yi wannan sau uku ko huɗu zai ga gajeriyar hanya da kansa: rubuta amshi a sama, ka jera tara-tara a ƙasa gwargwadon tsawonsa. 0.777… ita ce 7/9, 0.414141… ita ce 41/99, 0.123123… ita ce 123/999, wanda ya ragu zuwa 41/333.

In akwai shimfiɗa, ninkawa biyu ake yi. Ɗauki 0.58333… Ninkawar farko ta tura ɗigo ya tsallake shimfiɗa kaɗai, ta biyu ta tura shi ya tsallake shimfiɗa da amshi guda.

1000x = 583.333…
100x = 58.333…

Ɗebe: 900x = 525. Wato 525/900, kuma babbar lambar da ta raba su duka ita ce 75, sai a samu 7/12. In babbar lambar ba ta zo maka a kai ba, bi ta a hankali: raba gida 25 ka samu 21/36, raba gida 3 ka samu 7/12.

Ga wadda ta fi wuya kaɗan, mai cikakkiyar lamba a gaban ɗigo: 2.3181818… Shimfiɗa 3 ce, alƙalami ɗaya. Amshi 18 ne, alƙaluma biyu. 10x = 23.1818…, 1000x = 2318.1818…, bambancinsu 990x = 2295. Raba sama da ƙasa gida 45, amsa 51/22. Gajeriyar hanyar a nan ita ce: lambar ƙasa tana da tara gwargwadon tsawon amshi, sai sifiri gwargwadon tsawon shimfiɗa. Lambar sama kuma ita ce duka alƙaluman har ƙarshen amshin farko, a ɗebe waɗanda ba sa maimaituwa: 2318 a ɗebe 23.

Sifiri shi ne tarkon da ya fi kama mutane. Dubi waɗannan uku da kyau. 0.090909… amshinta 09 ne, alƙaluma biyu, don haka 9/99, wato 1/11. 0.009009… amshinta 009, don haka 9/999, wato 1/111. Ita kuwa 0.0999… sifirinta shimfiɗa ne, amshi 9 kaɗai, don haka 9/90, wato 1/10. Sifirin da ke cikin amshi ana ƙirga shi kamar kowane alƙalami, ko da ba ya ƙara wa lambar sama komai.

Tarko na biyu kalkuleta ce. Tana nuna 2/3 a matsayin 0.6666666667, kuma 7 ɗin nan ba na lambar ba ne, cikon da na'ura ta yi ne don wuri ya ƙare mata. Sannan ƙaramin allo yana ɓoye dogon amshi. 1/17 yana fitowa 0.0588235294, ka rantse babu maimaici a ciki, nan kuwa amshinsa alƙaluma 16 ne: 0588235294117647.

Tarko na uku shi ne yanke wutsiya da wuri. Biyu bisa uku na 90,000 shi ne 60,000. Wanda ya yi aiki da 0.67 zai samu 60,300, wanda ya yi da 0.66 zai samu 59,400. Mayar da lambar kaso tukuna, yi lissafinka, sai a ƙarshe ka koma ɗigo in ana bukata. Haka 0.333… sau 0.333…: ba a ninka wutsiya marar iyaka daga dama, domin ba ta da ƙarshen da za a fara daga gare shi. Sulusin sulusi ne, 1/9, wato 0.111…

Zancen 0.999…

Bi dabarar yadda take: 10x = 9.999…, x = 0.999…, 9x = 9, x = 1. Mutane da yawa da suka karɓi 0.333… a matsayin sulusi ba musu, a nan suke turjewa, ko da yake ninka wancan sau 3 shi ne ya haifi wannan. Abin da sukan ce shi ne, ai saura ƙiris ta kai 1, amma ba ta kai ba.

To a auna ƙiris ɗin. Tsakanin 0.9 da 1 akwai 0.1. Tsakanin 0.99 da 1 akwai 0.01. Tara uku, 0.001. Duk tara ɗaya da aka ƙara, tazarar ta koma kashi ɗaya bisa goma na yadda take. Yanzu mai musu ya faɗi girman tazarar da yake cewa ta rage tsakanin 0.999… da 1. Ya ce ɗaya bisa miliyan, tara bakwai sun riga sun shige cikinta. Ya ce ɗaya bisa biliyan, tara goma sun wuce. Kowace lamba ya ambata, in dai ta fi sifiri, akwai adadin tara da ya matso fiye da haka, kuma 0.999… ta ƙunshi wannan adadin da ƙari. Tazarar da ta gaza duk wata lambar da ta fi sifiri, sifiri ce, lambobi biyu da babu tazara tsakaninsu kuwa lamba ɗaya ce.

Wani zai rubuta 0.000…1 ya ce ga tazarar. A tambaye shi gurbi na nawa 1 ɗin yake zaune. In gurbi na dubu ne, to sifirin suna da iyaka, kuma taran ma dubu ne kawai. In sifirin ba su da iyaka, babu wani gurbi a bayansu da 1 zai zauna. Rubutun yana kama da lamba, amma ba ya nuna kowace lamba.

Akwai wata hanyar gani. Duk lambobi biyu da suka bambanta, akwai wata a tsakaninsu: haɗa su ka raba biyu. To nemo wadda ta fi 0.999… amma ba ta kai 1 ba. Alƙalaminta na farko bayan ɗigo dole 9 ne, na biyu 9, na uku 9, haka har abada, ka ga ka sake rubuta 0.999… ɗin ke nan.

Asalin ruɗanin shi ne ana kallon 0.999… kamar mai tafiya da yake ta matsowa bai iso ba. Jerin 0.9, 0.99, 0.999 shi ne mai tafiyar, kuma gaskiya ne babu ɗaya a cikinsu da ya kai 1. Amma rubutun 0.999… sunan inda jerin ya dosa ne, haka masana lissafi suka ayyana shi. Masanin lissafi Euler ya nuna cewa 9.999… goma ce a littafinsa na aljabara na 1770, sannan a ƙarni na 19 Cauchy a Faransa da Dedekind a Jamus suka kafa wa maganar tushen da ake koyarwa a jami'o'i yau. Kuma ba 1 kaɗai abin ya shafa ba. Duk lambar da ta ƙare, ban da sifiri, tana da suna biyu: 0.25 ita ce 0.24999…, 8 ita ce 7.999…, kamar yadda 1/2 da 2/4 suke abu guda.

Sai dai a kula, dabarar ninkawa da ɗebewa ba ta aiki a ko'ina. Gwada ta a kan S = 1 + 10 + 100 + 1000 + … Ninka da 10, ka samu 10 + 100 + 1000 + …, ɗebe, sai 9S = −1, wato S = −1/9. Shirme ne ƙarara: an tara lambobi masu girma an samu abin da bai kai sifiri ba. Laifin yana tun layin farko, inda aka ɗauka S lamba ce alhali jimlar tana ta hauhawa ba ta dosar ko'ina. Lambobin bayan ɗigo sun tsira daga wannan ne domin kowane gurbi ya gaza na gabansa sau goma, jimlar a killace take.

Sanin tsawon amshi kafin a yi rabo

Tunda kowane amshi mai tsawon alƙaluma kaza yana zaune bisa tara-tara kaza, sai a juya maganar: tsawon amshin 1/n shi ne yawan tara a cikin mafi ƙanƙantar 9, 99, 999, … da n ta raba ba saura, in dai babu 2 ko 5 a cikin n. 99 ita ce 9 × 11, shi ya sa 1/11 yake da amshi mai alƙaluma biyu. 999 ita ce 27 × 37, don haka 1/27 = 0.037037… kuma 1/37 = 0.027027…, kowanne yana ɗauke da ɗan'uwansa. 99999 ita ce 9 × 41 × 271, sai 1/41 = 0.0243902439… mai amshi biyar. 999999 kuwa 7 da 13 duk sun raba ta, shi ya sa su biyun suke da amshi shida.

In akwai 2 ko 5 a lambar ƙasa, su suke kawo shimfiɗa, kuma tsawonta shi ne yawan wanda ya fi yawa a cikinsu. 28 ita ce 2 × 2 × 7: shimfiɗa alƙaluma biyu, amshi shida, 1/28 = 0.03571428571428…

Ga lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 da kansu, irin su 7, 13 da 41, tsawon amshi kullum yana raba lambar da aka ɗebe wa ɗaya. 13 a ɗebe 1 saura 12, amshi 6. 41 a ɗebe 1 saura 40, amshi 5. Wasunsu suna cinye duka tsawon: a ƙasa da ɗari akwai 7, 17, 19, 23, 29, 47, 59, 61 da 97, wadda amshinta alƙaluma 96 ne. Masanin lissafi Gauss ya yi nazarin wannan a 1801, kuma a 1927 Emil Artin ya yi hasashen cewa irinsu ba su da iyaka, hasashen da har yanzu ba a kammala tabbatar da shi ba.

Wasu abubuwan ban sha'awa

Ninka 142857 da 2, ka samu 285714. Da 3, 428571. Da 4, 571428; da 5, 714285; da 6, 857142. Alƙaluma shidan nan ne dai suke zagaye, ba sa sauya jeri, sai wurin farawa. Da 7 kuma sai 999999. Wanda ya haddace 142857 ya haddace 1/7 har zuwa 6/7 ke nan. Dalilin yana cikin rabon da aka yi a sama: saura ya taka 1 zuwa 6 dukansu, don haka 2/7 ko 5/7 shiga layin ne daga tsakiya.

Tsaga amshin 1/7 gida biyu ka haɗa: 142 + 857 = 999. Na 1/13, 076 + 923 = 999. Na 1/17, 05882352 + 94117647 = 99999999. Wani Bafaranshe mai suna Midy ya wallafa wannan a 1836, kuma yana da amfani ga mai rabo da hannu. In lambar ƙasa irin wadda ba ta rabuwa ce, kuma tsawon amshi yana rabuwa biyu, ka samo rabin farko kawai, ka ɗebe kowane alƙalami daga 9, rabi na biyu ya fito.

1/81 yana ba da 0.012345679012345679… Ina 8 ta shiga? Ƙirgar tana tafiya ne 0, 1, 2, har 8, 9, 10, 11, kowace a gurbi ɗaya. Goma ba ta shiga gurbi ɗaya, sai ta tura 1 baya kan 9, 9 ta zama 10 ita ma ta tura 1 kan 8, 8 ta zama 9. Haka 1/998001 yake jero 000, 001, 002, har 997, ya tsallake 998, ya ba da 999. Shi kuma 1/49 yana farawa 0.020408163265…, ninki-ninki, 02, 04, 08, 16, 32, sai 65 a maimakon 64 saboda 128 da ke biye ta turo 1. Amshinsa alƙaluma 42 ne.

Tsari daban, maimaici daban. 0.101001000100001… tana da tsari sarai, sifiri yana ƙaruwa ɗaya-ɗaya, amma babu wani amshi da yake dawowa yadda yake, don haka ba kaso ba ce. Haka π, lambar da ake samu in an raba kewayen da'ira da faɗinta, wadda masanin lissafi Lambert ya tabbatar a 1761 cewa ba za a iya rubuta ta lamba bisa lamba ba. 22/7 da ake ba ɗalibai a madadinta 3.142857… ne, π kuwa 3.141592…, sun rabu tun a gurbi na uku. 355/113, wanda Zu Chongzhi na ƙasar Sin ya samo a ƙarni na 5, ya yi daidai da ita har gurbi shida.

Rubuta guntun lamba bisa tsarin goma-goma ya bayyana a aikin al-Uƙlidisi a Dimashƙ wajen shekarar 952, al-Kashi ya ƙware a kai a Samarƙand a littafinsa na 1427, Simon Stevin kuma ya yaɗa shi a Turai a 1585. Maimaicin sulusi kuwa ba halin sulusi ba ne, halin goma ne, da 3 ba ta raba ta. Mutanen Babila da sittin-sittin suke ƙirga, kuma a wajensu sulusi 20 ne cif, gadon da ya rage mana a agogo: sulusin awa minti 20.

Kwamfuta da biyu-biyu take ƙirga, saboda haka a wajenta ɗaya bisa goma ne yake maimaituwa: 0.0001100110011… Dole ta yanke wutsiyar, shi ya sa in ka haɗa 0.1 da 0.2 a harshen rubuta manhaja irin Python ko JavaScript kake samun 0.30000000000000004. Mai rubuta manhaja kada ya gwada irin waɗannan lambobi da alamar daidai, ya duba ko bambancinsu ya gaza wani ɗan ƙaramin ma'auni; kuɗi kuma ya riƙe su a cikakkun lambobi na mafi ƙanƙantar sulalla, ko ya yi aiki da Decimal ko Fraction, nau'o'in lamba da aka tanada don kauce wa wannan matsala. Wannan ɗan yanke ya taɓa cin rai. Ranar 25 ga Fabrairu 1991, a Dahran ta ƙasar Saudiyya, na'urar kakkaɓo makamai ta Patriot tana ƙirga lokaci da ɗaya bisa goma na daƙiƙa, an yanke lambar a gurbi 24. Bayan kimanin awa 100 tana kunne, kuskuren ya taru ya kai wajen 0.34 na daƙiƙa, lokacin da ya isa makami mai linzami na Scud ya yi tafiyar fiye da rabin kilomita. Na'urar ta duba inda makamin ba ya nan, ya faɗa kan masaukin sojojin Amurka, mutum 28 suka mutu.